Dashen Mazakuta: Shekara Nawa Yake Yi Kafin Ya Gaji?

Wata takarda ta zo mana daga Dirin Daji, cikin ƙasar Sakaba ta masarautar Zuru, daga hannun wani malamin makaranta wanda ya roƙe mu mu sakaya sunansa. Mun sakaya. Ya ce ba don kansa yake tambaya ba, don ƙanensa ne, saurayi ɗan shekara 27 wanda aka haifa da amosanin jini, watau sikila. Bara gaban yaron ya miƙe cikin dare ba tare da wata sha'awa ba, ya ƙi kwanciya, ga azabar ciwo. Kunya ta hana shi faɗa wa kowa, sai da ya kwana biyu a haka sa'an nan aka ɗauke shi zuwa asibiti. An kwantar da abin, amma tun daga ran nan bai sake motsi ba. Likita ya gaya musu ƙwayoyi ba za su yi masa kome ba, abin da ya saura sai dashe. Ga shi kuwa an riga an sa masa rana. To, malamin yana so ya sani, in dangi suka tara kuɗi aka yi wannan dashe, shekara nawa zai yi? Sabon ango kuma, wanda ba zai bar abin ya huta ba, ashe ba zai kashe shi da wuri ba?

Mun ɗan yi nauyin baki kafin mu amsa, domin magana ce wadda ba a saba yinta a fili ba. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mun kuma tuna cewa masu karatunmu, malaman makaranta da akawunan ƙananan hukumomi, su ne waɗanda mutanen ƙauye ke kai wa takardar asibiti a asirce su ce a karanta musu. Wanda za a tambaya kuwa ya kamata ya san abin da zai faɗa.

Sai mu fara da yadda jikin yake, don in ba a gane wannan ba, sauran maganar ba za ta shiga ba. A cikin gaban ɗa namiji akwai waɗansu jakunkuna biyu dogaye, kwance gefe da gefe, cike da nama mai huda-huda kamar soso. Sa'ad da sha'awa ta motsa, sai jijiyoyi su buɗe, jini ya kwararo ya cika soson nan, ya kumbura har ya danne hanyar da jinin zai bi ya koma. Wannan shi ne miƙewa. In jinin ya daɗe a tsare ba ya samun canji, sai ya yi baƙi, naman soson ya soma mutuwa. Saboda haka likitoci suka yanka sa'a 4: duk miƙewar da ta wuce haka, a gaggauta zuwa asibiti ko da tsakar dare ne. Wanda ya wuce sa'a 36 da wuya ƙarfinsa ya komo, gama soson yakan rikiɗe ya zama tabo mai tauri. Abin da ya sami ƙanen malaminmu ke nan.

Kada a zaci shi kaɗai ne. A 2020 likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da abokan aikinsu suka buga sakamakon wani bincike da suka yi a Kano a kan maza 353 masu sikila da maza 250 marasa ita. Kusan ɗaya cikin uku na masu sikilar sun taɓa gamuwa da irin wannan miƙewa, alhali cikin marasa ita mutum 2 ne kacal cikin 100. In aka haɗa wannan da lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, cewa ana haifar jarirai wajen 150,000 da sikila kowace shekara a Nijeriya, sai a ga samarin da ke cikin wannan hali ba kaɗan ba ne, shiru kawai suke yi. Ban da su kuma akwai dattawa waɗanda ciwon sukari ko hawan jini ko taba suka lalata wa jijiyoyi, da waɗanda aka yi wa fiɗa aka cire ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsara wanda likitoci ke kira furostet, da waɗanda suka ji rauni a laka cikin haɗarin mota. Ga irin waɗannan akan fara da ƙwaya, kamar Viagra wadda ta fito a 1998, ko allura, ko wani famfo na waje. Dashe shi ne ƙofar ƙarshe, kuma wanda ya shiga ba ya komowa, domin wajen buɗe masa wuri ana ɓata soson da ya rage.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun a 1936 wani likita ɗan Rasha, Nikolai Bogoraz, ya gwada sanya guringuntsin haƙarƙari, amma guringuntsin yakan lanƙwashe, jiki kuma yakan shanye shi. Sai a 1973 Likita Brantley Scott na birnin Houston a Amurka da abokansa suka fito da irin da ake hurawa, a 1975 kuma waɗansu likitoci biyu a Miami, Small da Carrion, suka fito da nasu na sanduna. Har yau iri biyun nan ne ake da su, gyara kawai aka yi ta yi musu.

Na sanduna ba shi da wuyar ganewa. Sanduna biyu ne na wata roba mai laushi da ake kira silikon, galibi da murɗaɗɗiyar waya a tsakiya, ana zura ɗaya cikin kowace jaka. Mai shi yakan tanƙwara abin sama sa'ad da yake bukata, ya mai da shi ƙasa in ya gama. Kullum da taurinsa yake. Na hurawa kuwa kashi uku ne. Akwai bututu biyu cikin jakunkunan nan, da 'yar salka cike da ruwan gishiri wadda ake ɓoyewa a cikin mara, da ɗan famfo wanda ake sawa cikin jakar maraina, duka an haɗa su da 'yan siraran mesa. In ya matsa famfon, ruwa ya taso daga salka ya cika bututun. In ya danna wani ɗan maɓalli, ruwan ya koma. Babu batir, babu abin da ke leƙowa waje. Waɗanda suka fi shahara a wannan iri su ne AMS 700 da Titan na kamfanin Coloplast.

To, yanzu ga lissafin da malaminmu ya nema. Na farko-farkon nan na zamanin Scott ba su yi ƙarko ba, da yawansu sun yi yoyo cikin 'yan shekaru. Amma an yi ta ƙara wa robar ƙwari. A 2007 Likita Steven Wilson na Jihar Arkansas da abokan aikinsa suka bi sawun dashe 2,384 irin na hurawa, suka tarar bayan shekara 10 wajen 68 cikin 100 ba a sake taɓa su ba, bayan shekara 15 kuma wajen 60. A 2022 waɗansu masana suka tattara bincike dabam-dabam a kan mutum fiye da 20,000, suka sami haka: cikin kowane dashe 100, wajen 93 suna nan lafiya bayan shekara ɗaya, 87 bayan shekara 5, 77 bayan shekara 10, 64 bayan shekara 15, sa'an nan 53 bayan shekara 20. Watau dai sai an yi kusan shekara 20 kafin rabinsu su faɗi.

A lura da yadda lambobin nan suke sauka, don akwai abin koyo a ciki. A shekarar farko kaɗai an rasa 7. Daga nan kuwa sai abin ya lafa, ana rasa kamar 2 a shekara. Shekarar farkon nan ba yawan aiki ne ya cinye su ba, abin ko tsufa bai soma ba. Ƙwayoyin cuta ne da kurakuran zama, watau ko famfo ya zauna inda bai dace ba, ko tsawon bututun bai yi daidai ba.

Game da yawan amfani, amsarmu ita ce likitocin da ke wannan aiki ba sa yanka wa mutum adadi. Ba a ce masa sau kaza a mako, in ka wuce ka kashe shi. Abin ma da zai ba mai karatu mamaki, bayan mako 4 zuwa 6 da yin fiɗa, in rauni ya warke, su ne ke umurtarsa ya riƙa hurawa yana sacewa kowace rana, ko da ba shi da niyyar kusantar iyali. Dalili kuwa shi ne jiki yakan nannaɗe duk baƙon abu da wata 'yar fata ta tabo. In an bar bututun a sace cikin watannin farko, fatar nan ta ɗaure shi a tsuke, daga baya ya kasa buɗewa sosai. Hurawar yau da gobe ita ke buɗa masa ɗaki.

Ba muna cewa abin ba ya gajiya ba ne. Duk abin da ɗan Adam ya ƙera, mai motsi, yana da ranarsa. Amma a duba inda yake ci. Wanda ya taɓa mallakar keke ya san taya takan suɗe da yawan tafiya, ya kuma san keken da aka jingine a zaure, in an ɗauko shi, sai a tarar tayar ta tsage daidai inda ta lanƙwashe. Dashen hurawa ya fi kama da na biyun. Mafi yawan lalacewarsa yoyo ne, yoyon kuwa ya fi aukuwa a 'yan mesan nan kusa da famfo, inda suke tanƙwarewa suna gugar juna, da kuma inda bututun ke ninkewa sa'ad da yake kwance. Wannan guga kuwa ba ta jiran dare. Tana nan sa'ad da mutum ke tafiya, da sa'ad da ya zauna, da sa'ad da ya sunkuya yana noma. In mutum yana kusantar iyalinsa sau 3 a mako, cikin shekara 20 bai wuce sau 3,120 ba. A gwada wannan da yawan takun da zai yi cikin shekarun nan. Saboda haka ne masu ƙerawa suka mai da hankali ga gugar, har a farkon shekarun 2000 kamfanin AMS ya soma shafa wa bututunsa wani siririn rufi mai santsi don rage ta. Wanda ya ƙaurace wa matarsa don ya tanadi dashe, bai tanadi wani abin kirki ba, ya dai yi hasarar abin da ya biya kuɗi dominsa.

Ranar da ya yi yoyo ma ba ranar tashin hankali ba ce. Mai shi zai matsa famfo ya ji ya lotse bai cika ba, ko abin ya miƙe rabi ya koma. Ruwan da ya zube ruwan gishiri ne irin wanda ake ƙara wa majiyyata, jiki zai shanye shi. Sai a sa rana a sake fiɗa, in kuwa dashen ya kwana biyu, akan canja shi gaba ɗaya ne, ba a yi masa faci.

Abin tsoro shi ne ƙwayoyin cuta. Roba ba ta da jini, don haka in ƙwayoyi suka manne mata, magani ba ya kai musu yadda ya kamata, galibi sai an fitar da dashen duka. A aikin fari wannan yakan sami mutum 1 zuwa 3 cikin 100, an kuwa sami sauƙi tun wajen 2001 da aka fara shafa wa dashen maganin kashe ƙwayoyi tun daga masana'anta. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mai ciwon sukari wanda bai kula da shi ba, da wanda ya ji rauni a laka, da wanda ake yi wa aikin karo na biyu ko na uku, duk haɗarinsu ya fi haka. Akwai wani awon jini da ke nuna yadda sukarin mutum ya kasance cikin wata 3 da suka wuce, likitoci da yawa ba sa son sa wuƙa sai ya sauko ƙasa da 8.5. Alamun kuwa ba ɓoyayyu ba ne: ciwo mai ƙaruwa maimakon raguwa, ja da kumburi, zazzaɓi, famfo ya manne wa fata, ko mugunya. Nan ba a jira. A 1996 Likita John Mulcahy na Jihar Indiana ya nuna cewa in an zo da wuri ana iya fitar da wanda ya harbu, a wanke wurin sarai, a sa sabo a zama ɗaya, dabarar kuwa takan yi nasara ga fiye da mutum 80 cikin 100. In an makara sai a fitar a bar wurin fayau, tabo ya cika shi, gaban ya tsuke ya gajarce, sake dasawa ta zama jan aiki.

Akwai kuma ɓarnar da mutum kan jawo da hannunsa. Farawa kafin rauni ya warke, ko hawan babur da keke cikin makonnin farko. Barin abin a hure kwana da kwanaki, har ya danne nama ya nemi hudowa. Yin allurar ƙarfin maza a wurin, wadda za ta huda bututun nan take. Barin wanzami ya yi tsaga ko ƙaho a mara ko kusa da maraina. Haka kuma duk ran da aka kwantar da shi asibiti za a sa masa robar fitsari, lalle ne ya faɗa cewa yana da dashe, a sace shi tukuna. Burantashi da sauran magungunan da ake talla a tasha kuwa ba su da sauran aiki a nan, ruwan salka ba ya jin magani. Hukumar NAFDAC ma ta sha yin gargaɗi cewa waɗansunsu ana cakuɗa su da sinadarin Viagra a ɓoye, wanda ga mai sikila ko mai shan maganin zuciya wasa da rai ne.

Yanzu sai mu koma Dirin Daji, don a nan ne lissafin ya canja. Lambobin da muka kawo an samo su ne galibi daga dattawa masu shekara wajen 60, mazauna ƙasashen da likitan da ya yi aikin yake kusa. Dattijo ɗan 60 wanda aka ba dashen da zai yi shekara 15 ko 20, mai yiwuwa shi da shi ke nan. Saurayi ɗan 27 kuwa, in Allah ya ba shi rai ya kai 70, yana da shekara 43 a gabansa. Lalle zai koma kan gadon fiɗa aƙalla sau ɗaya, watakila biyu ko uku, kowace komawa kuma ta fi ta bayanta haɗari. Har wa yau, wanda sosonsa ya zama tabo aikinsa ya fi wuya tun daga farko, don sai an ƙwaƙule hanya cikin nama mai tauri, ba za a sa ran ya sami lambobin nan cif ba. Ga kuma sikila, wadda ba ta son maganin barci da ƙarancin ruwa a jiki, tilas a yi aikin inda akwai likitan jini da jinin ƙari a ajiye.

Kuɗin kuma da dala ake lissafinsa, domin daga waje ake kawo kayan. Na hurawa miliyoyin naira ne kafin a zo ga ladan aiki da kuɗin gado. Wanda ya tara na farko da ƙyar, ya tambayi kansa wa zai tara masa na biyu. Sa'an nan ga nisa. Ƙwararrun likitocin mafitsara suna manyan asibitocin koyarwa ne, irin su na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika kusa da Zariya, da na Malam Aminu Kano. Daga Dirin Daji zuwa Sakkwato ya fi kilomita 200, kowa kuwa ya san yadda 'yan bindiga suka addabi hanyoyin ƙasar Sakaba da Danko-Wasagu cikin 'yan shekarun nan. Mutumin da wurin ya soma ja da zazzaɓi ran Alhamis da dare, yaushe zai isa hannun wanda ya san abin?

Don haka mu a ganinmu, mutumin da ke zaune nesa kada ya raina na sanduna don an ce masa na hurawa ya fi zamani. Ba shi da ruwa balle ya yi yoyo, ba shi da famfo balle ya ƙi aiki, karyewarsa ba safai ba ce, fiɗarsa ta fi gajarta, kuɗinsa kuma ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, musamman irin waɗanda ake yi a Indiya. Likitoci da yawa ma shi suke fara sa wa wanda miƙewar nan ta lalata, don ya riƙe wurin kada ya tsuke, in hali ya samu daga baya a musanya. Aibinsa biyu ne. Tun da kullum yana tokare, yakan iya cin nama ya hudo, musamman ga wanda ba ya jin ciwo a wurin, kamar mai rauni a laka. Na biyu kuma ɓoye shi, ko da yake a nan suturarmu ta yi mana rana, mai wando buje da babbar riga bai kai mai matsattsen wandon Bature damuwa ba. Zaɓin ƙarshe dai na likita ne da mai jikin, bayan an duba.

Ya kamata kuma a gaya wa angon abin da dashe ba ya yi, kada ya sa rai ga abin da ba zai samu ba. Ba ya ƙara tsawo, sau da yawa ma mutum yakan ga ya ɗan ragu bisa yadda ya sani dā. Kan kaciya ba ya kumbura tare da sauran. Ba ya kawo sha'awa in babu ita. Amma ba ya taɓa jin daɗi, ba ya hana fitar maniyyi, ba ya hana haihuwa ga wanda dā ma yake iyawa. Cikin waɗanda aka yi wa, fiye da 80 cikin 100 sukan ce sun gamsu.

Saura maganar ranar da aka sa. Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da sanin wannan matsala: matar da ta tarar da mijinta ba ya iyawa, ba a kuwa gaya mata ba kafin aure, tana da ikon kai ƙara, alƙali ya ba shi shekara guda, in bai iya ba a raba. Ko ba don wannan ba, abin da ke cikin jiki ba ya ɓoyuwa ga matar da za ta kwana ɗaki ɗaya da shi shekara da shekaru, ita ce kuma za ta fara ganin ja ko kumburi ran da abin ya tashi ɓaci. Gara waliyyinta ya ji daga bakin babban wa, a ɗaga ranar in ta kama, tun da ko an yi fiɗa gobe sai an jira mako 6.

Mun rubuta wa malamin cewa kada su ƙara jinkiri, gama shekara ta riga ta wuce, tabo kuwa ƙara tauri yake yi. Ya ɗauki ƙanensa da katinsa na sikila su ga likitan mafitsara a Sakkwato ko Kano kafin a sayar da ko da sa guda. Ya tambayi likitan sau nawa ya yi wannan aiki ga mai tabo, wane iri zai sa, in ya ɓaci kuma wa zai gyara, a ina, a kan nawa. In an yi aikin, ya karɓi takarda mai ɗauke da sunan dashen da lambarsa da awonsa, ya yi mata kofe biyu, ɗaya a akwatin yaron, ɗaya a nasa.